Zaɓen Manhajar Kwamfuta Domin Adana Salsalar Iyali

Gabatarwa

A yawancin gidajen karkara na ƙasar Kano akwai wata tsohuwa ko wani dattijo wanda ake komawa wurinsa idan magana ta rikice a kan wane ne ya haifi wane. Shi ne ya san cewa gonar da ke bakin rafi ta fito ne daga ɗakin uwargida, shi ne kuma zai tuna cewa wane da wance sun sha nono ɗaya, saboda haka babu aure tsakaninsu. Ranar da irin wannan mutum ya kwanta dama, ilmin da ke kansa yakan bi shi, in ban da ɗan abin da wani ya yi dabarar rubutawa. Matasa da dama sun fara tattara irin wannan bayani suna shigar da shi cikin kwamfuta ko wayar hannu, abin kuwa ya cancanci yabo. Sai dai akasarinsu sukan ɗauki manhajar da suka fara cin karo da ita, musamman in tana zana bishiya mai ban sha'awa. Sai aiki ya yi nisa sa'an nan su gane cewa ba ta iya amsa tambayoyinsu, kuma ba ta barin su kwashe abin da suka zuba mata.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa ɗalibai da malamansu abubuwan da ya kamata a duba kafin a zaɓi manhajar salsala, watau tsarin umarnin da ke sa kwamfuta ta ajiye sunayen dangi da alaƙar da ke tsakaninsu. Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Shanono, domin duk matsalolin da za mu tattauna ana samun su a gida guda a can.

Amfanin Rubuta Salsala

Shanono ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jihar Kano, tana iyaka da Jihar Katsina, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin dubu 140. Daga Faruruwa zuwa Kokiya, daga Leni zuwa Tsaure, gonaki manne suke da juna, kuma duk lokacin da aka raba gado sai gona ta ƙara tsagewa. A irin wannan wuri sanin salsala yana da amfani ta fuska uku.

Na farko shi ne gado. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa ba ya cin gadon kakan muddin akwai ɗa namiji a raye. Ashe ke nan sanin wanda ya riga wani rasuwa, ko da da mako guda ne, yana iya sauya mai gona. Na biyu shi ne aure, domin shari'a ta haramta aure ta hanyar nasaba da surukuta da shayarwa, kuma ita shayarwar ba a ganin ta a takardar haihuwa.

Na uku shi ne lafiya, kuma nan ne ilmin halittu ya shigo. Cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, ana gadon ta ne daga uwa da uba baki ɗaya. A 1949 wani masani ɗan Amurka mai suna James Neel ya tabbatar da yadda ake gadon ta, ta hanyar gwada jinin iyayen yaran da ke fama da ita. Idan miji da mata duk masu jinin AS ne, to kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS. Ɗan'uwan mai sikila, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi bai da cutar, yana da kashi 2 cikin 3 na zama AS. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da wannan ƙwayar gado, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinin sikila. Salsala ba ta maye gurbin wannan gwaji. Amfaninta shi ne ta nuna wa iyali ɓangaren da ya kamata a fara kai wa asibiti tun kafin a kai kuɗin aure.

Yadda Kwamfuta Ke Ajiye Dangi

Bishiyar da ake gani a fuskar kwamfuta zane ne kawai. Abin da ke ciki rumbun bayanai ne mai ɗauke da katuna iri biyu. Akwai katin mutum, mai gurbin suna da jinsi da ranar haihuwa da ta rasuwa. Akwai kuma katin iyali, wanda ke ɗaure miji ɗaya da mata ɗaya da 'ya'yan da suka haifa. Kowane kati yana da lambarsa, kuma da waɗannan lambobi ne manhaja ke bin sawun dangantaka. Waɗanda suka fara tsara wannan fasali a Amurka sun yi shi ne bisa al'adarsu, inda kowa yake da sunan gida da ake gada, da ranar haihuwa a rubuce, da mata ɗaya a lokaci guda. Saboda haka ma'aunin farko na kowace manhaja shi ne yadda za ta karɓi iyalin da bai bi wannan fasali ba.

Sunaye

Bahaushe ba ya yawan zama da suna ɗaya. A ce an raɗa wa yaro Abubakar ranar suna. Mahaifiyarsa tana yi masa alkunya domin ɗan fari ne, kakarsa tana kiransa Ɗanladi domin ranar Lahadi aka haife shi, abokansa suna ce masa Garba ko Habu, a makaranta kuma aka rubuta shi da sunansa da na mahaifinsa da na garinsu. In ya yi aikin hajji ko ya sami sarauta, wani sunan ya ƙaru. Haka A'ishatu take zama A'i ko Indo, Hadiza ta zama Dije, Usman ya zama Shehu. Manhajar da ke da gurbin suna ɗaya tak za ta tilasta maka zubar da sauran, ko kuwa ta sa ka shigar da mutum guda sau biyu ba ka sani ba.

Akwai kuma matsalar suna na biyu. A wurinmu galibi sunan uba ne, wanda ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, ko kuwa sunan gari, kamar yadda muka sani a sunayen Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Ɗalibai ɗari za su iya amsa sunan Shanono ba tare da jini ya haɗa su ba. Manhajar da ke liƙa wa ɗa suna na biyu na mahaifinsa da kanta, ba tare da ta bari a gyara ba, ɓata rubutu za ta yi. Wadda ta dace ita ce mai barin a ba mutum sunaye da yawa, a nuna nau'in kowanne, kuma bincike ya bi ta kan dukkansu. Manhajar Gramps, alal misali, tana da wurin nuna cewa suna na biyu daga uba aka samo shi, ko daga wuri, ko daga sana'a.

Aure da Zumunci

Tun da katin iyali miji ɗaya da mata ɗaya yake ɗauka, mai mata uku katuna uku zai samu, kowace mata da 'ya'yan ɗakinta. Wannan daidai ne, har ma yana taimakawa wajen bambanta shaƙiƙai da 'yan uba. Abin dubawa shi ne ko manhajar ta yarda aurarrakin su zo a lokaci guda, ko za ta ɗauka cewa sai an rabu da ta farko kafin a auri ta biyu. A duba kuma yadda take rubuta macen da ta yi aure sau uku ta haihu a kowane gida, da agola, da ɗan riƙo wanda gwaggonsa ta rene shi. Wajibi ne ta iya ɗaure yaro da iyaye iri biyu, ta kuma nuna waɗanne ne na jini, domin mai bin sawun ƙwayar gado zai yi kuskure babba idan ya ɗauki marikiya a matsayin mahaifiya. Shayarwa kuwa ba ta da gurbi na musamman a tsarin da manhajojin nan suka yi tarayya a kansa, saboda haka sai a nemi wadda ke barin mai aiki ya ƙirƙiri irin alaƙar da yake so tsakanin mutum biyu.

Auren zumunci yana kawo wani gwajin. Lissafi ya nuna kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka abin ke ninkawa har ya kai 1,024 a hawa na goma. Amma yaron da iyayensa 'ya'yan wa da ƙani ne, iyayen kakanninsa 6 ne maimakon 8, domin biyu daga cikinsu sun fito ta ɓangaren uwa da na uba. Su kansu iyayen nasa sun yi tarayya a kimanin kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu, shi ya sa a taswirar zuriya da masana halittu ke zanawa ake haɗa irin waɗannan ma'aurata da layi biyu. A ƙauyen da aka daɗe ana auratayya, salsala ta fi kama da komar masunta fiye da bishiya. Manhaja mai kyau za ta ajiye kakan a kati guda, kuma in aka tambaye ta dangantakar mutum biyu ta kawo duk hanyoyin da suka haɗa su.

Kwanan Wata

Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya ta 1992 ce, saboda haka kakanninmu kaɗan ne ke da takardar haihuwa. Tsofaffi da aukuwa suke auna shekaru. Za a ce an haifi wane shekarar da Turawa suka ci Kano, watau 1903, ko lokacin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko shekarar da Sarki Abdullahi Bayero ya rasu, watau 1953, ko lokacin canjin kuɗi zuwa naira a 1973. In an ce a zamanin Sarki Abbas ne, to tsakanin 1903 da 1919 ke nan. Manhajar da ta nace sai an ba ta rana da wata da shekara za ta koya maka ƙarya, domin za ka ƙirƙiri kwanan watan da ba wanda ya faɗa maka. A nemi wadda ke karɓar "wajen 1953" da "kafin 1966" da "tsakanin 1903 da 1919", kuma ta iya jera mutane da irin waɗannan ranaku.

Wasu malamai sukan rubuta haihuwar 'ya'yansu a bangon littafi da lissafin Hijira, wanda shekararsa ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Gramps tana karɓar kalandar Hijira, amma ba kowace manhaja ce ke yi ba. Ko da an juya kwanan watan, a ajiye ainihin yadda aka same shi a gurbin sharhi, tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da aka ji daga bakinsa. A kimiyya bayanin da ba a san tushensa ba ba ya zama hujja.

Bincike

Da mutum talatin, ido ma ya isa. Idan suka kai dubu, darajar rumbun ta koma kan irin tambayoyin da zai iya amsawa. Bincike mataki uku ne. Na ƙasa shi ne neman suna. Manhajoji da yawa suna alfahari da wata dabara mai suna Soundex, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1918, mai mayar da suna zuwa harafi ɗaya da lambobi uku domin a kamo sunaye masu kama da juna a furuci. An gina ta ne a kan sunayen Ingilishi. A lissafinta Audu A300 ne, Abdu A130, Abdullahi kuma A134, watau mutum uku daban. Garba G610 ne, Abubakar A112. Saboda haka babu abin da zai haɗa su sai laƙabin da kai ka shigar da hannunka. A gwada kuma a gani ko neman "Danladi" zai kawo "Ɗanladi".

Mataki na biyu shi ne haɗa sharuɗɗa, kamar a ce a kawo duk matan da aka haifa a Alajawa aka kai su aure Gwarzo ko Bagwai kafin 1980. Mataki na uku, wanda ya fi kowanne amfani, shi ne tambayar da ke bin dangantaka: duk zuriyar wance da suka rasu kafin su cika shekara 5, ko duk mazan da suka riga mahaifinsu rasuwa suka bar 'ya'ya. Tambaya ta farko ta ma'aikacin lafiya ce, ta biyu ta mai rabon gado. Ana yin wannan da abin da za mu kira rariya, watau jerin sharuɗɗan da mai aiki ke haɗawa da "da", "ko" da "ban da", ya ba shi suna ya ajiye domin gaba. Gramps da Family Historian sun yi suna a wannan fanni. Yawancin ƙananan manhajojin waya a matakin farko suke tsayawa.

Fitar da Bayanai

Manhaja takan mutu ta bar mai ita. Personal Ancestral File ta fito a 1984, mutane da yawa a duniya suka dogara da ita, amma aka daina kula da ita a 2013. A ƙarshen 2015 kamfanin Ancestry ya ba da sanarwar zai daina sayar da Family Tree Maker, sai a 2016 wani kamfani ya saye ta ya ci gaba da ita. Waɗanda suka tsira da aikinsu a irin wannan hali su ne waɗanda suka iya kwashe shi zuwa wata manhajar. Domin haka, kafin mutum ya shiga, ya fara duba ƙofar fita.

Ƙofar da aka fi sani ita ce GEDCOM, wani tsarin rubutu da cocin Mormon na Amurka ya fito da shi a 1984 domin manhajoji su riƙa musayar salsala. Fayil ɗinsa rubutu ne zalla wanda mutum zai iya buɗewa ya karanta. Ga yadda katin mutum yake a ciki:

0 @I1@ INDI
1 NAME Audu /Garba/
1 SEX M
1 BIRT
2 DATE ABT 1953

Layin farko lambar katin ce, na biyu suna, na uku jinsi, biyun ƙarshe kuma suna cewa an haife shi wajen 1953. Sigar 5.5.1 ta tsarin ita ce ta fi yaɗuwa, sai siga ta 7 da ta fito a 2021. Amma samun kalmar GEDCOM a jikin manhaja bai isa ba, saboda dalilai huɗu. Na ɗaya, haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ, ɗ da ƙ, ba sa tsira sai an fitar da fayil da tsarin haruffa na UTF-8, wanda siga ta 7 ta wajabta. Na biyu, kowace manhaja tana da wasu gurabe nata na kanta waɗanda wata ba za ta gane ba, kuma a nan ne alaƙar shayarwa takan salwanta. Na uku, kalandar Hijira ba ta cikin kalandojin da tsarin ya tanada. Na huɗu, hotuna da muryoyin da aka ɗauka ba sa shiga cikin fayil ɗin, sai dai adireshin inda suke, in ban da a siga ta 7 da ta kawo hanyar ƙunshe su tare.

Ni kaina na taɓa shigar da dangin mahaifiyata sama da mutum 300 a wata manhaja, aikin hutu biyu. Da na tashi kwashe su sai na tarar Ɗanladi ya koma "?anladi", sharhin da na rubuta daga bakin tsofaffi kuma an datse shi. Biyu daga cikin tsofaffin sun riga sun rasu a lokacin.

Bayan GEDCOM, a nemi manhajar da ke fitar da jadawali mai layi da ginshiƙi, irin wanda ake kira CSV, domin malami ya iya buɗe shi ya yi lissafi da ɗalibansa. A nemi kuma mai buga rahoto a takarda, domin dattawan da suka ba da labarin su ji an karanta musu su gyara. Har ila yau, ta iya fitar da sashe kawai, kamar zuriyar ɗaki ɗaya, ba lallai sai rumbun duka ba.

Sirri da Wurin Ajiya

Salsala tana ɗauke da asirin gida: saki, da rashin haihuwa, da nau'in jini. Kalmar AS a gaban sunan budurwa, in ta faɗa hannun da bai dace ba, tana iya jawo mata tsangwama. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kansu. A wannan shekarar ce ɓarayin intanet suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin gwajin ƙwayoyin gado na 23andMe. Saboda haka kada a rubuta nau'in jinin kowa sai da izininsa, kuma a zaɓi manhajar da ke iya ɓoye rayayyu yayin fitar da fayil. A ƙauyen da wuta da layin intanet ba su da tabbas, manhajar da ke zaune cikin kwamfuta tana aiki ba tare da intanet ba ta fi dacewa. Gramps, wadda ta fara fitowa a 2001, irin wannan ce, kuma kyauta ake samun ta, ko da yake tana buƙatar haƙuri wajen koyo.

Gwajin Mutum Ashirin

Ba a sayen doki sai an hau. Kafin a zuba wa manhaja dangi duka, a gwada ta da mutum 20 da aka zaɓo da gangan: magidanci mai mata uku, da mace mai aure biyu, da ɗan riƙo, da 'yan'uwan shayarwa, da ma'auratan zumunci, da mai sunaye huɗu, da mai suna da ɗ ko ƙ, da wanda aka san shekararsa da aukuwa kawai. A yi mata tambayoyi uku daga matakan binciken da muka ambata. Sa'an nan a fitar da GEDCOM, a shigar da shi cikin wata manhaja dabam, a ƙirga mutane da aurarraki da sharhi, a ga abin da ya ɓace a hanya. Aikin yini guda ne, amma zai iya ceton aikin shekaru.

Kammalawa

Mun ga cewa zaɓen manhajar salsala ya rataya ne a kan abubuwa uku: ta karɓi sunayenmu da aurarrakinmu da lissafin shekarunmu yadda suke, ta amsa tambayoyin da ke bin dangantaka, ta kuma saki bayanai cikakku duk ranar da aka buƙata. Bayan an zaɓa, a riƙa fitar da kwafi lokaci zuwa lokaci ana ajiye shi a wurare biyu, ɗaya daga ciki a takarda.

Malaman ilmin halittu za su iya mayar da wannan aikin hutu. Kowane ɗalibi ya zauna da mafi tsufa a gidansu, ya rubuta hawa huɗu a littafi, da dukkan sunayen kowa, da aukuwar da aka auna shekarunsa da ita, ya bar batun rashin lafiya a gida. Rashin kwamfuta ba uzuri ba ne, domin littafin da aka rubuta da tsari ana iya shigar da shi daga baya. Tsofaffin ne ba za su jira ba, saboda haka a fara da su a hutun nan.